Kujerun Aro

Ranar Talata da hantsi wata ma'aikaciya ta shigo gidanmu da takarda mai shafi huɗu, ta yi mini tambayoyi, na yi mata ƙarya sau uku, na sa hannu. Wata bakwai bayan haka matata ta rasu.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a makarantar garinmu. Na koya wa yara sunayen koguna da manyan birane, su kuma da suka girma suka tafi ganin biranen, ba su dawo ba. Yanzu garin na tsofaffi ne. Asibitinmu ɗaki biyu ne, an garƙame shi tun da aka ɗauke ma'aikacin jinya, awaki ne ke shan inuwa a barandarsa. Babban asibiti yana birni, tafiyar rabin yini, kuma motar haya sau ɗaya take shigowa a mako, in hanya ta yarda. Fanshona yakan zo lokacin da ya ga dama, kamar ɗan'uwa na nesa, in ya zo kuma ba ya kwana. Muna da ɗa guda a birni. Ba mugu ba ne. 'Ya'yansa biyar, albashinsa na mutum biyu. Yakan kira ya tambayi lafiyarmu, mu ce lafiya lau, ya yarda, domin yardar ta fi masa sauƙi.

Matata ita ce autar gidansu, shi ya sa har ta haura saba'in Ƙarama ake ce mata. A shekarar ne ƙafafunta suka fara kumbura. In ka danna da yatsa sai ramin ya zauna, ya ƙi cikowa. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya ta dafa bango, ta yi kamar wani abu take dubawa a ƙasa. Kwanciya ta gagare ta, sai barci a zaune. Na karanta isasshen littafi da zan gane zuciya ce. Amfanin karatu a ƙauye ke nan: kana sane da sunan abin da ke cin gidanka, harafi da harafi.

Sai aka yi shela cewa wata ƙungiya za ta zaɓi tsofaffi ashirin da suka fi kowa buƙata. Duk wata mota za ta zo ta kai su wurin likita, ta dawo da su, magani kyauta. Za a bi gida-gida a duba halin kowa. Wuri ɗaya muke nema a motar nan, na Ƙarama.

Ranar da za a zo mana, tun da sassafe na ji ƙarar katako a tsakar gida. Na fito na tarar da maƙwabcinmu Tela ya hau benci a nasa ɓangaren, yana miƙo kujeru ta kan katanga. Kujeru uku ne masu hannu, 'yarsa ta sayo masa, duk unguwar babu irinsu.

"Hedimasta, karɓi," ya ce. Haka yake kirana, don ya san ban taɓa zama hedimasta ba. "A hankali da ta tsakiyan, ƙafarta ɗaya ta girme ka."

"Wa ya aike ka?"

"Wadda ta fi ka iko a gidan."

Bayan kujeru sai labule, sai faranti na ƙarfe mai ƙyalli, sai agogon bango wanda ya tsaya tun kafin a haifi jikokinsa. Ƙarama ta share ɗaki sau biyu, tana yi tana hutawa. Ta rufe akwatin littattafaina da mayafi don kada a ga inda gara ta ci. Ta ɗauko safata ta zamanin aiki ta cusa ƙafafunta a ciki, ta saki zane har ƙasa.

"Ƙarama," na ce, "talauci za a zo gani. Ke kuma kin tashi da asuba kina ɓoye shi."

"Baƙuwa ta shigo gidana ta zauna a kan gwangwani? Ina."

"To me za ta rubuta?"

"Abin da ka gaya mata. Ai kai ne mai baki, Malam. Shekara hamsin kana magana ina saurare, yau ka yi wadda za ta yi amfani. Ni dai ba za ta gani a ɗakina ba."

Haka muka raba aikin. Ita ta tsare mutunci, ni in faɗi gaskiya. Nata ta yi shi cikakke.

Ma'aikaciyar ta yi sallama, ta shigo, mace mai kimanin shekara arba'in da jaka a kafaɗa. Tana ganina ta tsaya, sai ta durƙusa har ƙasa.

"Malam, ba ka gane ni ba? Aji huɗu. Layin gaba, kusa da taga."

Sai da ta ciro biro ta riƙe shi da hagu sannan na gane ta. Bahaguwa muke ce mata. Shekara guda na yi ina bugun yatsunta da rula don ta koma dama.

"Ashe ban yi nasara ba," na ce.

"Ka yi nasara a sauran, Malam." Ta yi dariya, ta juya wajen matata. "Inna, mutumin nan ya wahalar da mu. Amma har yau in aiki ya ishe ni shi nake tunawa. Ina gaya wa 'ya'yana, malaminmu bai taɓa shiga aji da riga mara guga ba, bai taɓa roƙon kowa komai ba."

"Haka yake, 'yata," in ji Ƙarama. "Bari in ɗora miki shayi."

"Inna, ki bar shi."

"A gidana? Zauna."

Ta miƙe a hankali ta nufi madafi, bayanta a miƙe. Madafin yana can ƙarshen gida. Na san za ta daɗe, domin sai ta zauna ta huta kafin ta iya hura wuta.

Bahaguwa ta buɗe takardarta. Na karɓa na duba, na nuna mata kuskuren rubutu a shafi na farko, ta ce za ta gaya wa masu bugawa. Sannan ta matso da kujerarta, ta rage murya.

"Malam, kafin mu fara. Kujerun nan na ga ana tsallako da su ta katanga lokacin da motarmu ta tsaya da sassafe. Duk gidan da na shiga haka iyayenmu suke yi, kowa da abin aronsa. Ba na rubuta kujera. Abin da maigida ya faɗa nake rubutawa, ya sa hannu, shi ke nan. Don haka ka gaya mini yadda abin yake."

Ta buɗe mini ƙofa har bango. Abin da ya rage kawai in shiga. Na dube ta, na ga yarinya 'yar shekara tara da yatsu jajaye, wadda ta girma tana ba 'ya'yanta labarin rigata.

"Sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Uku."

Sau biyu ne, kuma na biyun sauran na farko ne.

"Akwai mai taimaka muku?"

"Ɗana. Duk wata, ba fashi."

Ta rubuta, ba ta ɗago ba. Ta juya shafi.

"Akwai mai ciwon da ya daɗe a gidan nan? Numfashi, zuciya, kumburi, irin wannan?"

"Babu. Tsufa dai, shi kuma ban ji an samo maganinsa ba."

Daidai lokacin tari ya taso daga madafi, irin mai jan numfashi daga ƙasan ƙirji. Bahaguwa ta tsayar da biro, ta kalli ƙofa, ta kalle ni.

"Hayaƙi ne," na ce. "Itacen ɗanye ne."

Wannan ban lissafa shi cikin ukun ba. Ƙari ne na ba ta.

"Malam, ka tabbata?"

"Ke, tun yaushe ɗaliba ke tambayar malami ko ya tabbata?"

Ta miƙo mini takardar, na sa hannu. Ina da sa hannu mai kyau, mai doguwar jela, shekaru na yi ina gyara shi.

Ƙarama ta shigo da shayi a farantin Tela, da ragowar sukarinmu gaba ɗaya a ciki. Ta riƙe numfashinta har ta ajiye. Ta tsaya tana murmushi har baƙuwa ta shanye, ta raka ta bakin ƙofa, ta sa mata albarka. Tana dawowa ta zube a kujerar tsakiya, ta ce in cire mata safar. Sai da na yi amfani da almakashi.

"Ka gaya mata?"

"Duk abin da na faɗa ta rubuta."

"Madalla," ta ce, ta rufe ido.

Bayan sati uku aka kafe sunaye a allon makaranta. Ni aka kira in karanta wa jama'a, domin yawancinsu ido ya tafi, sauran kuma dama ba su iya ba. Na karanta ashirin ɗin da murya mai kyau. Tela ne na shida. An shiga gidansa bayan namu, an tarar da shi zaune a kan buhu a ɗaki fayau, babu kujera, babu labule, sai ƙusa a bango. Da aka tambaye shi ciwo, ya lissafa tun daga gashin kansa har farcen ƙafa. Mutumin da yake sara itace da kansa.

Da na koma gida ta karanta a fuskata.

"Tela fa?"

"Yana ciki."

Ta kalli inda kujerun suka zauna. Har lokacin sawun ƙafafunsu yana nan a daɓen ɗakin.

"Kujerun ne," ta ce. "Ta shigo ta ga kujeru da agogo, ta ce waɗannan ba su da matsala. Ka gaya mini, ban ji ba. Ni na jawo mana."

A nan ya kamata in yi magana. Na yi kuwa.

"Kin so a ce gidanki ya yi kyau," na ce. "To an ce."

Ta jawo tsintsiya daga zaune ta share sawun.

Ban zauna haka nan ba, in wannan zai rage mini wani abu. Na sayar wa mai shago babban ƙamus ɗina, ya ce takardarsa tana da kyau wajen ƙunshe gishiri, na hau motar haya zuwa ofishin ƙungiyar a birni. Na yi rabin yini a benci. Wani akawu ya zaro takardar daga kabad ya shimfiɗa a gabana.

"Baba, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Rubutu mai kyau. Yanzu ba a samun irinsa." Ya bi layin da yatsa. "Abinci sau uku. Taimako duk wata. Mara lafiya babu. To Baba, me ka zo nema?"

"Akwai kuskure."

"Na wa?"

Na ce a kira mini wadda ta cike takardar. Ya ce an tura ta wani yanki, can nesa. Na ce matata ba ta da lafiya. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, kuma da gaske ya faɗa. An rufe rajista, kujerun mota ashirin ne, sai baɗi in an sake zagayowa. Na dawo gida na gaya wa Ƙarama rabin ƙarshe kawai: sai baɗi.

"Allah ya kai mu," ta ce.

Tela ne ya kawo dabara. Ya fara zuwa wurin direban motar ƙungiya ya ce a cire shi a sa maƙwabciyarsa. Direba ya ce sunan mutum da hotonsa ake bi, in ya ɗauki wanda ba ya cikin takarda aikinsa ne zai tafi. Sai Tela ya leƙo ta katanga da yamma.

"Hedimasta, likitan nan ai abin da ka gaya masa yake ji. Ka koya mini ciwon nata, in je in ce nawa ne, in karɓo maganin in kawo mata."

"Kai? Ka kasa riƙe awon wuyan riga, sai ciwon zuciya?"

"Rigarka da ta yi maka yawa ramewa ka yi. Koya mini."

Kwana uku ina ba shi darasi a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Ɗalibina na ƙarshe ke nan, kuma mafi daƙiƙanci.

"In ka kwanta me ke faruwa?"

"Barci."

"Numfashi ke ɗaukewa, Tela. Sai ka tashi zaune."

"Numfashi ke ɗaukewa, sai in tashi zaune."

"Ƙafa fa?"

"Tana kumbura da safe."

"Da yamma."

"To wai ba duk kumburi ba ne?"

Ƙarama tana jin mu daga ɗaki, tana dariya har tari ya kama ta. "Ku bar bawan Allahn nan," ta ce. "Malam, kada ka dake shi, ba aji ba ne."

Ranar mota Tela ya tafi yana maimaitawa a ransa. Bayan isha'i ya dawo, bai leƙo ta katanga ba, ta ƙofa ya shigo ya tsaya.

"Na faɗa duka, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Har tarin na yi masa. Sai ya ce in cire takalmi." Ya kalli ƙafafunsa, busassu kamar icen girki. "Ya danna, ya danna. Ya sa abin nan a ƙirjina. Ya ce zuciyata ta fi tasa lafiya. Ya tambaye ni ciwon wa na haddato. Na gaya masa. Ya ce wannan magani ba a ba da shi sai an ga mai shi, in aka yi kuskuren awo kisa yake. Ya ce a kawo ta, kada a jima."

Ya ajiye wata ƙaramar leda a kan tabarma. Ƙwayoyin ƙarin jini ne, nasa.

"Ki sha dai, Ƙarama. Ba su da amfani, amma jajaye ne masu kyau."

Sau ɗaya muka kai ta. Na kira ɗanmu, a karon farko na ce masa ba lafiya ba. Ya turo abin da zai iya. Motar haya ta jijjiga ta a hanya har na zaci a nan za ta cika. Likita ya duba ta, ya yi faɗa a kan jinkiri, ya rubuta magani, ya ce duk wata yake son ganinta. Cikin kwana goma kumburin ya sauka. Ta kwanta a kan gado kamar kowa. Ta je rijiya ta dawo ba ta dafa bangon kowa ba, har ta yi mini faɗa a kan yadda nake wanke tukunya. Da idona na ga abin da wurin zama ɗaya a mota zai saya mana. Maganin ya ƙare a sati na biyar. Wata na gaba ɗanmu yana da yaro a asibiti, fansho kuma ya yi tafiyarsa. Ƙafafun suka dawo yadda suke, suka wuce.

Duk farkon wata motar ƙungiya takan tsaya a gaban makaranta, ta danna ham sau biyu. Daga ɗakinmu ana ji. Ƙarama takan ce, "Ga motar su Tela," kamar dama can tasu ce.

Ba ta sake aron komai ba. Ko ludayi. In baƙo ya zo sai ta nuna masa gwangwani ta ce ya zauna, haka gidan yake. Ta daina share ɗaki sau biyu. Macen da ta yi shekara hamsin tana ɓoye ramin tabarma da ƙafarta ta koma tana nuna wa mutane shi, kamar mai biyan laifi. Ina kallo. Kullum nakan ce gobe zan gaya mata, in ta ɗan ji sauƙi, don kada in tayar mata da hankali. Mai karatu ba ya rasa hujja. Gaskiyar ita ce mutum biyu ne suka rage a duniya masu ganina da girma, na riga na kashe wa Ƙarama wuri a mota don in riƙe Bahaguwa, ban shirya rasa ita Ƙaramar ba.

Ranar ƙarshe da safe na jingina ta da bango, na sa mata matashi biyu a baya. Leɓɓanta sun yi duhu. Ta kama bakin rigata.

"Malam."

"Ina ji."

"Ka yafe mini."

"Me kika yi?"

"Ka sani. Da na bar ɗakin yadda yake, da yanzu ba ka wanke tukunya. Ka sha wahala da ni, duk a kan son a yaba."

"Bar wannan maganar."

"Ba zan bari ba. Ka ce ka yafe."

Na kasa. In na ce na yafe, na tabbatar mata laifin nata ne har kabari. In na ce babu abin yafewa, sai na faɗi dalili. Na duba randa, babu ruwa.

"Bari in ɗebo ruwa in dawo," na ce. "Akwai maganar da zan gaya miki. Doguwa ce."

"Duk maganarka doguwa ce," ta ce. "Yi sauri."

A rijiya na tarar da layi, tsofaffi huɗu, kowa yana jan guga kamar yana jan ransa. Ban nemi a ba ni wuri ba. Na tsaya ina shirya maganar kamar darasi: gabatarwa, bayani, dalilai. Na soke gabatarwar. Na soke dalilan, domin da na jera su babu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Kafin in cika bokiti maganar ta koma jimla biyu, na yi ta maimaita su a hanya kamar yadda Tela ya yi, ruwa yana zuba mini a ƙafa.

Na tarar da ita yadda na bar ta, a jingine, fuskarta tana kallon ƙofa. Na ajiye bokitin. Na kira ta sau biyu.

Ƙarama, yarinyar nan ba ta rubuta kujera ba. Ta tambaye ni ko akwai mara lafiya a gidan nan, kina tari ina ji, na ce babu.